Ba Kowane Jinkiri Ne Lokacin Allah Ba

A gidanmu mutum biyu ne suka yi dogon jira a kan idona, kuma magana ɗaya aka yi ta faɗa musu. Yayata ta yi shekara 11 a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babanmu kuma tun yana saurayi yake aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce kowa ya koma gida, za a neme su su karɓi kuɗin sallama. Duk wanda ya shigo gidanmu gaisuwa a shekarun nan, dattijon ikkilisiya ne ko maƙwabci, in ya miƙe zai tafi sai ya ce, "A ƙara haƙuri, lokacin Allah ya fi." Ya faɗa wa Yaya, ya juya ya faɗa wa Baba.

Yaya ta haihu, 'yarta tana firamare yanzu. Baba ya rasu takardunsa na cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe, ko kwabo bai karɓa ba.

Ni Kirista ne, na kuma gaskata da zuciya ɗaya cewa Ubangiji yana da lokacinsa, ba ya makara, ba kuma wanda ya isa ya hanzarta shi. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya zaci ina so in rushe abin da iyayenmu suka rayu a kai. Amma na yi shekaru ina juya jiran mutanen nan biyu a raina, kuma inda na tsaya shi ne, abin da aka faɗa wa Yaya gaskiya ne, abin da aka faɗa wa Baba kuwa kuskure ne, duk da kalmomin ɗaya ne, masu faɗar kuma da kyakkyawar zuciya suka faɗa. Mu Kiristocin Kaduna mun saba ɗaukar sunan Allah mu lulluɓe jinkirin da ɗan Adam ya ƙulla da hannunsa. Wannan ɗabi'a tana cin talakawanmu, tana kuma shafa wa sunan da muke girmamawa baƙin fenti.

Jiran Yaya shi ne jira na ainihi. Ba wanda ya riƙe mata ciki a aljihunsa. Ita da mijinta sun je asibiti, an yi gwaje-gwaje, likita ya ce bai ga wata matsala ba. Daga nan babu ofishin da za a je, babu wanda za a kai ƙara, magana ta koma tsakaninta da Mahaliccinta. Na ga yadda take zuwa sunan 'ya'yan ƙannenta, ta kwana a bakin murhu, ta ɗauki jariri ta yi masa rawa, sannan ta koma gida ta rufe ɗaki. Na ji habaicin dangin miji da kunnena. Mutane da dama sun zo mata a ɓoye da labarin wani mai magani a ƙauye kaza, ko wani annabi da aka ce maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ranar zumuntar mata dai a coci za ka same ta, tulu a cinya tana bugawa. Wata rana na ce mata, "Yaya, ke ba kya gajiya ne?" Ta ce, "Ina gajiya mana. Kullum sai na gaya masa na gaji. To amma wurin wa zan je?"

Amsar nan tata ta fi wa'azi da yawa da na ji kusanci da Littafi Mai Tsarki. Mutanen da Littafin ya yaba wa jiransu ba su yi jiran baki a rufe ba. Zabura 13 aya shida ce kacal, amma sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah har yaushe. Da wannan tambayar annabi Habakuk ya buɗe littafinsa. Hannatu ta yi ta kuka a Shilo har Eli firist ya zaci buguwa ta yi. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi da alkawari, Ishaku bai zo ba sai da ya cika 100, a tsakani kuwa da shi da Saratu kowa sai da ya yi dariya da aka maimaita musu maganar. Da aka aiko wa Yesu cewa Li'azaru ba shi da lafiya, da gangan ya ƙara kwana biyu inda yake, kafin ya isa Betanya mutumin ya kwana huɗu a kabari. Marta ta tare shi a hanya ta ce da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Bai tsawata mata ba. Ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan, duk da haka ya tsaya ya yi kuka tare da su. In ka ga mai jira yana hawaye, kada ka yi saurin ce masa bangaskiyarsa ta gaza.

Akwai kuma labarin da ba ma son bayarwa a lokacin shaida. A zumuntar su Yaya akwai wata dattijuwa, kowa Mama yake ce mata. Abin da Yaya ta roƙa shi ta roƙa, fiye da shekara 40, ta rasu ba ta haihu ba. Ba ta fi Yaya zunubi ba, ba kuma ta gaza ta addu'a ba. Ibraniyawa 11, surar da ta jera gwarazan bangaskiya, sau biyu ta ce mutanen nan sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Lokacin Allah ya fi ran mutum tsawo. Idan muka ce wa mai jira "lokacin Allah ya fi" muna nufin lalle zai riƙe abin a hannu kafin ya mutu, to mun yi masa alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da aka yi mana alkawari shi ne ba zai yashe mu ba, kuma ƙarshen labarinmu ba a maƙabarta yake ba. Mama ta rasu tana riƙe da wannan, ni kuwa ban ga wanda ya fi ta dogara ba.

Jiran Baba kuwa wani abu ne dabam. Akwai littafin lissafi da sunansa yake ciki, akwai adadi, akwai mutanen da sa hannunsu ne ya rage. Tun 1957 da aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Kakuri, unguwannin kudancin Kaduna da jiniyar canjin aiki suke sanin lokaci. Dubban gidaje a Kakuri da Makera da Nasarawa daga can suke ci. A farkon shekarun 2000 masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, ga injina sun tsufa. Na yarda faɗuwar masana'anta tana da dalilai da yawa, wasu ma sun fi ƙarfin masu ita. Amma barin mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa gaban injin ya tsufa yana yawon neman haƙƙinsa, wannan shawara ce da wasu suka zauna suka yanke, ko suka ƙi yankewa.

Ayar da aka fi karanta wa Baba ita ce Yakubu 5:7, inda aka ce mu yi haƙuri kamar manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe. Aya ce mai daɗi. Sai bayan rasuwarsa na lura da abin da ke sama da ita kaɗan, a aya ta 4 ta wannan surar. A can Yakubu yana yi wa masu dukiya tsawa, yana ce musu ladan ma'aikatan da suka girbe musu gona, wanda suka danne, yana kuka, kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Tawada ɗaya ce ta rubuta ayoyin biyu. Mu muka ɗauki ta haƙuri muka kai wa wanda aka zalunta, muka bar ta tsawa a shafi, ba wanda ya kai wa azzalumi. Yakubu ma ba sabon abu ya kawo ba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi a ranar, kafin rana ta faɗi, domin matalauci ne, ransa na kan kuɗin. Karin Magana 3:28 ta hana ka ce wa maƙwabcinka je ka ka dawo gobe alhali abin yana hannunka. Ashe Allah ya riga ya faɗi lokacinsa a kan haƙƙin ma'aikaci, kafin faɗuwar rana ne. Ranar Baba ta faɗi sau dubbai. Duk ranar da aka ce masa lokacin Allah bai yi ba, lokacin Allah ya daɗe da wucewa, na mutane ne bai yi ba.

Littafi Mai Tsarki ba ya rikita waɗannan biyun. Manzo Bulus ya yi shekara 2 a tsare a Kaisariya, kuma Luka bai ɓoye dalili ba a Ayyukan Manzanni 24: gwamna Filikus yana sa ran a ba shi cin hanci, da zai sauka kuma ya bar Bulus a ɗaure don neman farin jini. Haka aka rubuta, da sunan mai laifi da irin laifinsa. Bulus kuwa da ya ga za a ci gaba da wasa da shari'arsa, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, ba wanda ya ce ya rasa bangaskiya. A zamanin annabi Haggai mutane sun bar aikin Haikali a yashe suna cewa lokaci bai yi ba tukuna. Allah ya tambaye su, to lokacin ƙawata gidajenku ne ya yi? Wannan tambaya ta dace da ofisoshi da yawa a garin nan, inda tsoho ɗan fansho zai taso daga Kafanchan ko Birnin Gwari don tantancewa, ya yini a layi, a ce ya dawo wani mako. Ta dace da mu ma a cikin ikkilisiya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na san majami'un da ake zuba dakali na biyu ana sayen sababbin kayan kiɗa, alhali mai bisharar da suka tura ƙauye ya yi watanni bai ga albashi ba, malaman makarantar cocin kuma ana ce musu aikin Ubangiji ne, su jira lokacinsa. Wanda ya riƙe haƙƙin wani ba shi da bakin yi masa wa'azin haƙuri.

Ranar 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke Maraban Damishi a ƙaramar hukumar Chikun. Duk wanda yake Kaduna a lokacin ya ga iyayen nan. Sun yi zaman dirshan a harabar makarantar suna addu'a suna kuka, sun kuma fito kan hanyar Kachia sun tare ta don hukuma ta ji su. An yi ta sako yaran rukuni-rukuni bayan an biya kuɗin fansa, na ƙarshe sai da ya haura shekara 2 kafin ya ga gida. A watannin nan na ji mutanen kirki suna cewa a bar wa Allah, lokacinsa ne. Addu'ar iyayen nan daidai ce, fitowarsu kan titi ma daidai ce, ban ga inda ɗaya ta ci karo da ɗaya ba. Da Nehemiya yake gina garun Urushalima maƙiya suna barazana, cewa ya yi sun yi addu'a ga Allahnsu, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. Yaro ɗan makaranta ya kwana a daji a hannun masu bindiga, sannan a ce haka Allah ya tsara, kowa ya koma gida ya yi shiru? Wanda aka ba amanar tsaro sai ya amsa tambaya, ko yaran na Bethel ne, ko fasinjojin jirgin ƙasan Abuja na 2022, ko 'yan makarantar Kuriga na 2024.

Na san abin da mai karatun Littafi zai ce mini a nan, don wani dattijo da nake girmamawa ya riga ya faɗa mini. Ya ce, "Ɗana, Yusufu fa? Ai muguntar mutane ce ta kai shi kurkuku, amma ta nan Allah ya bi ya ɗora shi a kan Masar." Gaskiya ne, ban kuma raina wannan hujja ba. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Allah yana mulki har a kan zaluncin mutane, ba abin da ke kuɓuce masa, kuma wannan ne ma ya hana ni fid da rai a kan maganar Baba. Amma a dubi abin da Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa a Farawa 50:20: ku kun nufe ni da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri. Bai sauya wa muguntar suna ba. Yana kurkuku ma bai naɗe hannu ba, ya ce wa mai shayarwar sarki ya tuna da shi, ya kai maganarsa gaban Fir'auna, don sato shi aka yi, bai kuma yi laifin da zai zauna a ramin nan ba. Mutumin ya manta da shi shekara 2 cur, Littafin kuma ya rubuta cewa mantawa ya yi. Iyawar Allah ta fid da alheri daga cikin zalunci ta'aziyya ce ga wanda aka zalunta. Ba ta wanke azzalumi, ba ta kuma ba mu da muke kallo izinin yin shiru.

Akwai wata ɓarnar ta ɗaya gefen, ita kuma a kan bagade ake yin ta. Ku zaga Sabon Tasha ko Television ko Narayi a daren 31 ga Disamba ku saurari lasifika. Bana shekararka ce. Kafin Ista za ki yi aure. Nan da kwana 21 takardar aiki za ta zo, in dai ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi. Mutanen da suka ce suna koya mana dogara ga lokacin Allah su ne kuma suke sayar mana da kwanan watansa, alhali Yesu da bakinsa ya ce wa almajiransa sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne, Uba ya riƙe wannan a ikonsa. In ranar ta zo ta wuce ba abin da ya faru, ba za ka ji mai annabcin ya nemi gafara ba. Cewa za a yi bangaskiyarka ce ƙarama, ko akwai maye a danginku. Na san matasa da suka daina zuwa sujada saboda wannan, suna ganin Allah ne ya saɓa musu alkawari, nan kuwa bai taɓa yi musu shi ba.

Ayar da waɗannan masu wa'azi suka fi so ita ce Irmiya 29:11, wadda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne, ba na masifa ba. Tana jikin sitika a bayan Keke Napep, tana kan kalanda a falo. Ayar da ke gabanta ba ta samun shiga sitika, don cewa ta yi sai shekara 70 sun cika a Babila. Wasiƙa ce Irmiya ya rubuta wa mutanen da aka kwashe bauta, kuma yawancin manyan da suka ji an karanta ta a Babila aka binne su. A sura ta 28 akwai wani annabi, Hananiya, da ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara 2 kowa zai dawo gida, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya don a ga alama. Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne amsar Irmiya ta farko. Cewa ya yi amin, Ubangiji ya sa haka. Shi ma yana so abin ya zo da wuri. Amma son zuciyarsa bai sa ya yi ƙarya da sunan Allah ba. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba. Irmiya kuwa ya aika wa mutanen da abin da ba su so ji ba: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi zaman lafiyar birnin da kuke ciki, ku yi masa addu'a, don a cikin lafiyarsa taku take.

Wannan maganar ta ƙarshe kamar don Kaduna aka rubuta ta. Mu da muka ga rikicin Fabrairun 2000, muka ga na Nuwambar 2002 da na Afrilun 2011, mun san yadda kogin Kaduna ya zama iyaka, kowa ya kwashe kayansa ya koma inda masu irin addininsa suke. A nan ne Littafi ya umarce mu da jira ba tare da wani kwana-kwana ba, a nan ne kuma muka fi gaggawa. Romawa 12:19 ta ce kada mu rama, ramuwa ta Ubangiji ce. Sura ta gaba ta ce mai mulki ne aka ba takobi don hukunta mai laifi, don haka neman a kama wanda ya kashe naka a gurfanar da shi hakkinka ne, ka nema da babbar murya. Amma tare hanya a far wa matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don an kashe namu a wani ƙauye, wannan ƙwace wa Allah aikinsa ne. Mun juya abin. Inda aka ce mu buɗe baki mun yi gum muna cewa lokacin Allah, inda aka ce mu riƙe hannu mu jira shi kuma ko kwana ɗaya ba ma iya yi.

Dawuda ya sha wannan gwaji a kogon En-gedi. Sarki Saul da ke farautar ransa ya shigo kogon shi kaɗai, bai san suna ciki ba. Ku lura da abin da mutanen Dawuda suka raɗa masa: ga ranar da Ubangiji ya faɗa maka. Da sunan lokacin Allah suka zuga shi ya yi kisa. An riga an shafe shi sarki, an zalunce shi, dama kuma ta zo har ƙafarsa. Ya yanki gefen rigar Saul kawai, wannan ɗin ma zuciyarsa ta dame shi. Amma bai tsaya nan ba. Ya fito bakin kogo ya ɗaga murya ya kira sarki, ya nuna masa ƙyallen, ya faɗa masa cewa farautar marar laifi yake yi, Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu. Ya hana hannunsa, bai hana bakinsa ba. Sai da ya kai shekara 30 ya hau sarauta, nan ma shekara 7 da rabi ya yi a Hebron kafin dukan Isra'ila ta bi shi. Duk saurayin da ke unguwanninmu da aka taɓa ce masa yau ce ranar, a fito, ina roƙonsa ya karanta 1 Sama'ila 24 kafin ya taka ƙofar gida.

Manomin da Yakubu ya ba mu misali da shi, mu nan mun san shi, kawunmu ne, maƙwabcinmu ne. Ba ya iya saukar da ɗigon ruwa ɗaya, amma tun bazara ya share gona, ya kai taki, ya tanadi iri, hadari na haɗuwa yana kan kunya. Abin da ke hannunsa ya yi, abin da ke sama ya bar wa mai sama. Ya kuma san akwai shekarar da za ka yi komai daidai ka tashi a tutar babu, kamar yadda manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko suka gani a 2023 da cuta ta ruɓar musu da gonaki. Habakuk ya rufe littafinsa da irin wannan shekarar, ɓaure bai yi toho ba, gona ba ta ba da abinci ba, garke ya ƙare, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. In an dawo da wanda ya danne haƙƙin ma'aikaci cikin misalin nan, shi ba ruwan sama ba ne da za a zauna jiransa. Shi ne wanda ya tare kan rafi ya hana ruwa gangarowa gonakin ƙasa.

Ikkilisiyoyin da muke sujada a ciki ma daga irin wannan shuka suka tsiro. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, nan ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Ikkilisiyar ECWA da ta fito daga wannan aiki ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1954, shekara 60 bayan an binne Gowans, kuma yawancin tafiyar masu bishara 'yan ƙasa ne suka yi ta a ƙafa, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Likita Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Ba ɗayansu da aka ba kwanan wata, ba kuma wanda ya zauna jiran gawon shanu.

Da muka buɗe akwatin Baba bayan jana'iza, mun sami katin aikinsa, da takardar sallama, da Littafin Waƙoƙinsa da ya sha hannu har bango ya cire. Mahaifiyarmu ta miƙo mini ledar ta ce, "Kai ne babba a maza, kada ka bari maganar nan ta mutu tare da shi." Tun ranar nake bin ta, tare da wasu gwauraye da marayun abokan aikinsa, Kirista da Musulmi, don layin bai san addini ba. Watan jiya an sake cewa a kawo hoto biyu da takardar shaidar mutuwa. Na kai, na tambayi sunan wanda fayil ɗin yake teburinsa, na rubuta a takarda, na gaya masa zan dawo ranar da ya faɗa. Da yamma na biya ta gidan Yaya muka yi addu'a. 'Yarta ce ta yi mana karatu, na ce ta buɗe Yakubu 5, ta faro daga aya ta ɗaya.